Filin Likitan Dabbobi: Yaushe Ya Kamata a Ba Doki ko Kaza Maganin Kashe Ƙwayoyin Cuta?

Wasiƙu huɗu na zaɓo daga cikin waɗanda suka iso mana a wannan wata, kuma dukkansu sun taɓo maganin kashe ƙwayoyin cuta, wato antibayotik, wanda wasu ke kira kafso, wasu kuma allurar ƙarfi. Na taƙaita tambayoyin, na kuma cire sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya ta farko, daga wata mai kiwon kaji a Zariya:

"Likita, ina da kajin ƙwai 300 a bayan gida. Mai shagon da nake sayen abinci ya ce duk lokacin da yanayi ya sauya in zuba musu garin oksitetrasaikilin a ruwa na kwana uku, ko da lafiyarsu lau, kuma haka nake yi tun suna 'yan tsaki. A watan jiya suka fara tari da koren kashi, wasu na murɗe wuya, na ba su maganin har na ninka awo, amma 40 suka mutu. Shin jabu aka sayar mini, ko kuwa akwai wanda ya fi shi ƙarfi? Sannan ƙwan da suke yi lokacin da suke shan magani, akwai laifi in na sayar?"

Hajiya, Allah ya mayar miki da alheri, domin kaza 40 a garken 300 babbar asara ce ga mai ƙaramin jari. Likita ba ya yanke hukunci a kan kajin da bai duba ba, amma alamomin da kika lissafa, musamman murɗewar wuya da koren kashi da mutuwa da yawa cikin 'yan kwanaki, sun fi kama da cutar Niyukasal. Idan ita ce, to ba a sayar miki da jabu ba, kuma babu wani antibayotik a duniya, komai tsadarsa, da zai warkar da ita. Dalili kuwa shi ne ƙwayoyin da ke kawo cuta iri-iri ne. Akwai bakteriya, waɗanda halittu ne masu rayuwar kansu, suna da bango da kayan aikin da suke gina jikinsu da shi, kuma waɗannan wurare ne antibayotik ke kai wa hari. Akwai kuma bairas, wanda ba shi da ko ɗaya daga cikinsu, yana shiga cikin ƙwayar halittar kazar ne ya ɓuya ya hayayyafa. Niyukasal da Gumboro da murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ɓullar nau'inta na H5N1 a Afirka a wata gonar kaji ta Jihar Kaduna a watan Fabrairun 2006, duk bairas ne ke kawo su. Kariya daga Niyukasal da Gumboro tana cikin rigakafi, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato ta daɗe tana yin allurar rigakafinsu. Don haka tambayar da zan fara yi miki ita ce yaushe rabonki da yi musu Lasota, wato rigakafin Niyukasal, kuma a cikin ƙanƙara aka kawo miki shi ko a aljihu, saboda rigakafin da ya sha rana ya riga ya mutu tun kafin ya kai bakin kaza.

Shawarar mai shagon ita ce ta fi damuna. A cikin hanjin kowace kaza lafiyayya akwai bakteriya masu ɗimbin yawa, mafi yawansu ba sa cutar da ita. Duk lokacin da kika zuba magani a ruwa ba tare da wata cuta ba, sai ya kashe masu rauni a cikinsu ya bar 'yan ƙalilan da suka iya jure masa, su kuwa sai su samu fili su yaɗu, har su riƙa miƙa wa wasu bakteriya wannan juriya ta hanyar musayar ƙwayoyin gado. Kin yi haka sau goma ko fiye tun suna tsaki, to ranar da cuta ta gaske irin ta bakteriya za ta shigo akurkin, maganin da kike taƙama da shi ya zama kamar ruwan kwata a gare su. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi gargaɗi a kan haka a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945, inda ya nuna cewa ba da magani ƙasa da ƙima yana koya wa ƙwayoyin cuta bijirewa. Kwana uku na garin magani a mazubin ruwa, wanda wata kazar ta sha da yawa wata kuma ta ɗan tsoma baki, shi ne ainihin abin da ya yi gargaɗi a kai.

Abin da ya kamata ki yi nan gaba, idan kaza biyu ko uku suka mutu a rana ɗaya, shi ne ki ɗauki gawar da ba ta daɗe ba tare da kaza ɗaya mai jinya ki kai asibitin dabbobi. Ke da kike Zariya kina kusa da asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello. Idan aka fede kazar, sau da yawa likita yana gane cutar daga abin da ya gani a hanta da huhu da hanji, idan kuma akwai buƙata sai a shuka ƙwayar cutar a ɗakin gwaji a ga wane magani ne ke kashe ta. 

Batun ƙwai kuwa, akwai laifi, kuma ina so ki ji dalili. Kwaiduwa ba a rana ɗaya take haɗuwa ba. Tana ɗaukar kimanin kwana goma tana girma a cikin kaza kafin a nasa ƙwan, kuma duk abin da ke yawo a jinin kazar a waɗannan kwanaki yana iya shiga cikinta. Shi ya sa ragowar magani ke ci gaba da fitowa a ƙwai ko bayan an daina ba da shi. A jikin kwalin kowane magani mai rajista akwai kwanakin jira, wato adadin kwanakin da za a bari bayan shan ƙarshe kafin a ci nama ko ƙwai, wasu magungunan ma an rubuta a fili cewa ba a ba kajin da ke yin ƙwan ci. Na san zubar da kiret goma na ƙwai yana da ciwo, kuma na taɓa tsayawa a wata gona ina kallon mai ita yana lissafin asarar da yatsu, idonsa ya kaɗa. Amma wannan ƙwan mai shayi ne zai soya wa ɗalibai, shi ne za a dafa wa mai jego da yaron da aka yaye. Ki tambayi likita ko akwai maganin da aka amince a ba masu ƙwai wanda kwanakin jiransa kaɗan ne, domin akwai irinsu. Sannan ki duba jerin sinadaran duk garin da za ki saya. Idan kika ga kloramfenikol ko furazolidon, ki mayar wa mai shago kayansa, domin an haramta ba dabbobin da ake ci waɗannan biyun a ƙasashe da dama, har da Nijeriya. Na farkon yana iya lalata ɓargon mutum ya daina yin jini, kuma ba a san wani ƙaramin awo da za a ce ba ya cutarwa ba, na biyun kuwa ana danganta shi da ciwon daji.

Tambaya ta biyu, daga wani mai dawaki a Katsina:

"Bayan hawan Sallah, sirdi ya ji wa ingarmana ciwo a gadon baya, jikinsa ya yi zafi. Mai kula da barga ya yi masa allurar nan ta shanu mai daɗewa a jiki, a wuya. Yanzu wurin ya kumbura, dokin ba ya iya sunkuyar da kai, kuma kashinsa ya yi ruwa. Me zan ƙara masa? Haka nan ina da ragowar buhunan abincin kajin nama, ina so in haɗa masa da dusa don ya murmure."

Ranka ya daɗe, zan fara da ƙarshen wasiƙarka saboda shi ne mai gaggawa. Kada ko cikin tafin hannu na abincin kajin nan ya shiga bakin dokinka. Kamfanonin abinci sukan sa wa abincin kajin nama wasu magunguna na hana cutar kashin jini, irin su monensin da salinomaisin, waɗanda kaza ke ɗauka lafiya amma guba ne ga doki. Miligiram 2 zuwa 3 na monensin a kan kowane kilo na nauyin jiki sun isa su kashe rabin dawakin da suka ci, wanda ke nufin kusan giram 1 kacal ga doki irin namu. Gubar tana cin tsokar zuciya, babu kuma maganin da ke karya ta, kuma dokin da ya tsira yakan rayu da raunin zuciya, ta yadda wata rana zai iya faɗuwa da mahayinsa a tsakiyar sukuwa. Ka raba wurin ajiyar abincin dawaki da na kaji, ka raba mudu da bokiti, kuma idan inji ɗaya kake kai niƙa, ka tambayi abin da aka niƙa kafin naka.

Kashi mai ruwa da ka ambata shi ne abu na biyu. Doki ba ya narkar da harawa da ciyawa da kansa. A cikin babban hanjinsa akwai tarin bakteriya masu amfani da ke yi masa wannan aiki, kuma rayuwarsa ta rataya a kansu. Antibayotik ba ya bambanta abokin gaba da ma'aikacin gida, idan ya kashe masu amfanin sai miyagu irin su kulostiridiyam da salmonela su mamaye hanjin, su jawo gudawa mai tsanani da ke iya kashe babban doki cikin kwana ɗaya ko biyu. Wannan ne ya sa akwai magungunan da ake ba wasu dabbobi amma likita ba ya kusantar babban doki da su, kamar linkomaisin, kuma ko waɗanda ake ba shi sai an yi hattara. Saboda haka amsar tambayarka ita ce kada ka ƙara masa komai. Ka tsayar da allurar, ka ajiye masa ruwa mai tsabta a gabansa dare da rana, ka ɗaga bokitin da abincinsa sama tunda ba ya iya sunkuyawa, ka kira likita yau ɗin nan, domin mai yiwuwa ya buƙaci ƙarin ruwa ta jijiya.

Kumburin wuyan kuwa daga allurar ne. Oksitetrasaikilin mai daɗewa a jiki an haɗa shi ne domin shanu da tumaki, yana ƙona tsokar doki, wani lokaci har wurin ya tara ruwa sai an tsaga. Ban ga laifin mai barga kaɗai ba, abin da ya ga ana yi ne ya yi. Amma ina so duk mai dawaki ya san cewa ko allurar da ta dace da doki tana da ƙa'ida. Farar fenisilin mai kauri a tsoka kawai ake yin ta, kuma dole a ja bayan sirinji a tabbatar babu jini kafin a tura. Na taɓa ganin dokin da allurar ta shiga jijiyarsa bisa kuskure, cikin daƙiƙu kaɗan ya zabura ya tsinke igiyar turke, ya yi ta buga kansa da bango, yaron da ke riƙe da shi da ƙyar ya sha. Jentamaisin yana lahanta ƙoda idan dokin yana cikin ƙishirwa, abin da ya zama ruwan dare bayan hawa a cikin zafin rana. Enrofloksasin yana lalata guringuntsin gaɓoɓin dukushi mai tasowa. Sannan awon magani da nauyin doki yake tafiya, kuma yawancin masu barga da ido suke kintace, sai su ba da rabin abin da ake buƙata su daina bayan kwana biyu da zarar dokin ya soma cin abinci.

Ciwon sirdi, idan bai yi zurfi ba, abin da yake so shi ne a aske gashin gefensa, a wanke shi da ruwan gishiri mai tsabta safe da yamma, a kare shi daga ƙuda, a kuma hutar da bayan har ya warke sarai, sannan a gyara sirdin da ya jawo shi. Abin da nake roƙon masu dawaki su kashe kuɗi a kai shi ne rigakafin sarƙe haƙora, domin doki na cikin dabbobin da wannan cuta ta fi saurin kamawa, kuma ƙaramin rauni a ƙofato ya ishe ta hanya. Zazzaɓin doki ma ba kullum ne na bakteriya ba. Akwai wanda kaska ke kawowa, maganinsa daban ne, akwai kuma cutar nan mai fitar da ƙuraje a jere bisa ƙafa da ƙirji suna fashewa, wadda naman gwari ke kawowa, ana ta ɗirka mata fenisilin wata da watanni ba ta ko gezau.

Tambaya ta uku, daga wani ɗalibin aikin gona a Kano:

"Na ji an ce a Turai ba a sayar da antibayotik na dabbobi sai da takardar likita. Idan aka kawo wannan doka nan, ba talaka za a takura ba, tunda ƙauyuka da yawa ba su da likitan dabbobi?"

Malam, abin da ka ji gaskiya ne, kuma ba a dare ɗaya suka kai can ba. Suwidin ce ta fara hana zuba antibayotik a abincin dabbobi don saurin girma a 1986, Tarayyar Turai baki ɗaya ta bi sahu daga 1 ga Janairun 2006. Daga 28 ga Janairun 2022 wata sabuwar doka ta fara aiki a Tarayyar, wadda ta hana ba garke magani a kai a kai da sunan kariya, ta hana a yi amfani da shi don rufe ƙazantar gona, ta kuma ce takardar likita ta antibayotik kwana biyar kawai take aiki. Dawaki a can kowanne yana da fasfo, kuma doka tana ɗaukar doki a matsayin dabbar da za a iya ci sai in an rubuta a fasfonsa cewa an cire shi daga wannan layi, wanda hakan ke fayyace irin maganin da za a iya ba shi. Amurka ta hana amfani da magungunan da mutane ke buƙata wajen ƙara wa dabbobi girma a 2017, sannan a watan Yunin 2023 ta mayar da ragowar waɗanda ake saya kai tsaye ƙarƙashin takardar likita.

Abin da ya kai su ga haka shi ne magungunan dabbobi da na mutane 'yan gida ɗaya ne. Enrofloksasin da ake zuba wa kaji ɗan'uwan siprofloksasin ne da ake ba mai taifot, har ma jikin dabba yana juya wani sashe nasa ya koma siprofloksasin ɗin. Amurka ta janye shi daga kiwon kaji a 2005 bayan an ga ƙwayar cutar gudawa da mutane ke ɗauka daga naman kaji tana bijire masa. Kolistin, wanda za ka gani a jikin fakitin magungunan kaji da yawa a kasuwanninmu, shi ne makamin ƙarshe da likitocin mutane ke ɗaukowa idan sauran sun gaza. A ƙarshen 2015 masu bincike a Sin suka ba da rahoton wata ƙwayar gado da ke sa bakteriya su jure masa, wadda ke tsallakawa daga wannan bakteriya zuwa wancan, kuma an same ta a dabbobi da nama da marasa lafiya. Sin ta hana sa shi a abincin dabbobi don girma, Indiya ma ta haramta shi ga dabbobin ci a 2019. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 kai tsaye saboda bakteriya masu bijire wa magani, kuma yankin da abin ya fi tsanani gwargwadon yawan jama'a shi ne Afirka ta Yamma, wato mu.

Damuwarka game da ƙauye tana kan hanya, kuma ba zan raina ta ba. Dokar da za ta rufe shagon magani ba tare da an kai wa makiyayi wanda zai duba dabbarsa ba, za ta mayar da cinikin bayan fage ne kawai. Muna da NAFDAC mai yi wa magunguna rajista, muna da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya mai kula da masu aikin, an kuma fitar da tsarin ƙasa na yaƙi da bijirewar ƙwayoyin cuta tun 2017, amma duk da haka yaro ɗan shekara goma zai iya sayo kwalbar allura a kasuwar ƙauye ba wanda ya tambaye shi ta mece ce. A ganina sai an bi abin daki-daki. A fara da tsare magungunan da rayuwar mutane ta dogara a kansu, irin su kolistin da dangin siprofloksasin, a ce waɗannan sai da takarda. A horar da ma'aikatan lafiyar dabbobi na karkara su yi aiki a ƙarƙashin likita, ko da ta waya ce. A tilasta wa manyan gonaki ajiye littafin magani, domin gona ɗaya mai kaji dubu hamsin tana shan abin da ƙauyuka da yawa ba su sha ba. Holan ta rage antibayotik da take ba dabbobi da fiye da rabi cikin 'yan shekaru bayan 2009, kuma kiwonta bai durƙushe ba. Talakan da kake jin tsoron a takura, shi ne kuma wanda ba zai iya sayen magani mai tsada ba ranar da mai arha ya daina yi wa ɗansa aiki.

Tambaya ta huɗu, daga wata uwargida a Gusau:

"Zakarana ya yi rashin lafiya, na buɗe kafso ja da yalo na ba shi kwana biyu, bai samu sauƙi ba. Maƙwabciyata ta ce in yanka kafin ya mutu, wai dahuwa tana kashe maganin. Haka ne?"

Hajiya, ba haka ba ne. Wuta tana kashe ƙwayoyin cuta, tana kuma rage wasu magunguna, amma ba ta kawar da su duka, kuma wani sashe yana komawa cikin romo. Ragowar ta fi taruwa a hanta da ƙoda. Kafson da kika ba shi na mutane ne, babu kwanakin jira na kaza a jikinsa da za ki bi, sannan ba ki san cutar da ke damunsa ba, kuma yanka kaza mai jinya da fige ta hanya ce da murar tsuntsaye ke kama mutum. Ki ware shi daga sauran kajin, ki ba shi ruwa da abinci a inuwa, ki wanke hannu da sabulu duk lokacin da kika taɓa shi. Idan ya mutu, ki haƙa rami mai zurfi ki binne shi inda kare ba zai tono ba, idan kuma wasu kajin suka bi bayansa a cikin makon, ki sanar da ofishin lafiyar dabbobi na ƙaramar hukumarku.